Lugude a Kan Falwaya

Shekara goma sha tara ina hawan falwaya,
daga Ƙofar Doka har Dogarawa.
Na san wayar da ke barci,
na san mai kwanton ɓauna.
A da abin da sauƙi:
wuta kogi ce mai hanya guda,
daga nesa take gangarowa,
ka datse ta a taransifoma,
ka hau, ka ɗaure, ka sauko ka sha kokonka.

Yanzu kowane rufin kwano ya zama idon ruwa.

Wata Laraba a Gyallesu
da hannuna na kashe layin,
na maƙala kwaɗo, na jefa mabuɗi a aljihu.
Jatau ya hau yana yi mini tsiyar bashin ɗari biyar.
Ashe can bayan masallaci
inbatar Alhaji Barau mai kyamis
tana turo ranar da ta yi masa yawa
ta ƙofar baya,
cikin wayar da muka riga muka yi wa ta'aziyya.
Tsani ya yi rawa.
Safar roba ce ta yi wa Jatau rana,
amma har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa
in ya kai hannu malmalar tuwo.

Ban zagi rana ba. Da wane bakin?
Ita ke riƙe da sanyin firijin kyamis ɗin nan
inda allurar ciwon sukarin innata ke kwana.
Alhaji ya zo asibiti da lemo a leda
yana rantsuwa bai sani ba.
Na yarda.
Yaron da ya haɗa masa ma bai sani ba.

Injiniya Ladidi ce ta tara mu a inuwar darbejiyar ofis,
ta juya takardar bil, ta yi zane a bayanta.
Ta ce, kun ga lugude?
Taɓarya biyu, turmi guda.
Bugu hamsin a daƙiƙa, ba ƙari, ba ragi.
In ƙaramar ta yi gaggawa, sai karo, sai tsaba a ƙasa.
In kuwa babbar ta ajiye taɓarya,
ƙaramar ta tsaya cak, ba sai an roƙe ta ba,
don wataƙila wani ya sa hannu a turmin.

Jatau ya dubi hannunsa. Ba wanda ya yi tari.

Sai kuma hadari.
A Agusta in ya taso ta wajen Galma,
kafin ka naɗe tabarma rufi dubu sun yi shiru,
nauyin gari duka ya faɗo
kan tsohuwar taransifomar Tudun Wada,
ta kama gurnani, man cikinta na tafasa.
Ga magariba:
rana na sulalewa bayan Kufena
daidai lokacin da ake nemanta,
mai niƙa bai gama ba,
fankoki sun tashi,
ɗaliban Samaru sun buɗe littafi.
Ta ce, batir rumbu ne.
Wanda ya cinye kakarsa da azahar
da lisha sai ya leƙa tukunyar maƙwabta.

Ta ƙara da wata da ban so ji ba:
ɓarawon yanzu ba ya haura katanga,
daga wayar salula zai iya murɗa makunnin unguwa.
Kwaɗon aljihuna bai isa ba,
sai an haɗa masa da lambar sirri.

To, ga mu nan, gida-gida,
da rajista da biro muna sallama:
Akwai sola a nan? Wa ya haɗa? A nuna mana.
Wasu su kawo ruwa, wasu su ce maigida ba ya nan.

Ni dai ko ni na kashe layi
sai na gwada, na sake gwadawa,
na ɗaure shi da ƙasa kafin in taɓa.
Jatau ke riƙe mini tsani yanzu.
Ɗari biyar ɗin nan kuwa ya ƙi karɓa,
wai in ya karɓa me zai riƙa yi mini tsiya da shi.