Ɓarɓashin Alƙalami

A Uskudar, saman shagon mai ɗinkin littattafai,
matakala goma sha tara, ta bakwai tana ƙara,
nan Malam Nusret ya zaunar da mu biyu
rana ɗaya, a kan shimfiɗa ɗaya:
ni, Selami, ɗan mai gyaran agogo,
da Ferruh, wanda hannunsa ke ƙarnin kifi.

Layi guda ya ba mu:
Rabbi yassir wa la tu'assir.
Ya ce, ku je ku rubuto mini.

Ferruh ya tsoma alƙalami a tawada
kamar mai tsoma gurasa a miya,
yana hamma ya ja alifi,
alifin ya miƙe kamar hasumiya da asuba.
Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Bai ce uffan ba.
Shirun nan na ji shi har cikin haƙorina.

Nawa kuwa, kowace Asabar
sai ya dawo jina-jina da jar tawada.
Cikin nunun nan ya yi ƙiba, Selami.
Wutsiyar ra ta rage rabin ɗigo.
Shekara biyu ina kan layi guda,
har uwata ta haddace shi daga bayan ƙofa.

Ferruh ya wuce ni a wata uku.
A na bakwai ya fara latti.
A na goma ya ce ƙugunsa ya gaji da zama,
abin da ya zo maka a sauƙaƙe
ba ya riƙe ka da dare.
Ya bar wuƙar fiƙe alƙalaminsa a taga.
Tana wurina har yau.

Malam ya ce kada in zubar da ɓarɓashin fiƙa,
in tara a jaka,
ran da na mutu a ɗumama ruwan wankana da shi.
Na tara.
Shekara goma sha huɗu kafin ya sa hannu a ijazata,
hannun nasa yana rawa lokacin.
Yanzu rubutuna na rataye a masallatai uku,
yara suna hawo mini tasu matakalar,
ni ma na sayi jar tawada.

Bara, cikin tsananin sanyi,
na shiga jirgin fito zuwa Eminonu.
Mai raba shayi ya tsaya a kaina da faranti,
gashi ya yi fari, ido bai canja ba.
Selami, har yanzu kana fama da nunun nan?
Muka yi dariya har shayi ya zube.

Gilashin taga ya yi gumi da numfashin mutane.
Ya ɗaga ɗan yatsa, mai tabon ƙuna,
ya ja harafin wawu guda.
Shekara talatin bai taɓa tawada ba.
Kan ya sunkuya kamar mai ruku'u,
wutsiyar ta kwanta kamar jariri a ciki.
Ni da na rubuta shi sau dubu ɗari
ban taɓa isa inda yatsan nan ya isa ba.

Kafin jirgi ya taɓa gaɓa
harafin ya fara zubar da hawaye,
wani yaro ya shafe shi da hannun riga
don ya ga tsuntsayen teku.

Ɗalibaina suna tambaya, Malam,
baiwa ce gaba ko naci?
Sai in ce, sannu ba ta hana zuwa,
domin shi ne abin da zai amfane su.
Ba na faɗa musu zancen tagar.

Da dare nakan ɗaga jakar in ji nauyinta.
Ta isa ta tafasa tukunya biyu.
Na bar wasiyya:
in shi ya riga ni,
a ɗebar masa rabi.