Shaidu Uku a Fatar Hannu

A Misfala aka binne cibiyata.
Shekara goma sha ɗaya ina tura keken tsofaffi
tsakanin Safa da Marwa.
Bana mai ba mu izini ya ce:
babu katin sanƙarau, babu aikin Hajji.

Ni kuwa wancan karon da allurar ta shige ni
na wayi gari da leɓe kamar an hura salka,
borin jini daga wuya har ƙugu.
Iya Barira ta shafe ni da man habbatus sauda,
ta ce, "Tanimu, jininka ba ya shiri da ruwan kwalba."

Likitar 'yar Maiurno ce, sunanta Rauda.
Hausarta ta kakanni ce,
ta sha ruwan Nilu amma ba ta salance ba.
Ba ta ce tsoro ne ba, ba ta ce gaskiyata ba.
Kujera ta jawo, ta cire murfin alƙalami:

"Minti nawa tsakanin allura da ƙaiƙayi?
Kafin ka fita ƙofa, ko sai da ka kwana?
Murya ta dishe? Ƙirji ya yi fito?
Ka ga duhu-duhu, ƙasa ta juya?
Me ka ci a ranar?"

Na yi shiru. Na tuna Jidda,
bikin Nafi'u, da farantin jatan lande
da na yi wa zaman dirshan bayan isha.

"Ba duk wanda ya gitta ranar sata ne ɓarawo ba,"
in ji ta, "amma ba na sallama sai na ji shaidu."

Ɗigo uku ta ɗora a cikin hannuna,
ta zagaye kowanne da shuɗiyar tawada,
ta ɗan tsikara, ko cizon sauro ya fi.
Na fari ruwan gishiri, ba shi da bakin magana.
Na biyu ɗan tsokana, dole ya tashi,
in ya kwanta, fatar ce ke ɓoye zance.
Na uku shi ake ƙara.

Kwata guda.
A tire, kusa da gwiwarta, wata allura na kwance
an riga an zuƙe ta.
Wannan, in ji ta, sai in maƙogwaro ya fara rufe ƙofa.
Ban taɓa kallon hannuna haka ba:
tabon ƙunar shayi, jijiyar da keke ya tayar,
gashi ɗai-ɗai yana tsaye kamar masu jiran hukunci.

Na biyu ya kumbura ya kai ƙwayar wake.
Ta auna, ta rubuta.
Na fari shiru.
Na uku shiru.

"Shirun fata ba rantsuwa ba ne."
Sai ta raba allurar, ɗan kaɗan tukuna,
rabin awa a kan benci, sannan saura,
sannan wani rabin awan
ina haɗiyar yawu don in ji ko hanya na nan.
Tana nan.

La'asar ta same ni a bakin titi,
kati a aljihu, da wata takarda:
in dawo ran Talata,
akwai sauran shari'a tsakanina da jatan lande.

Na yi alwala, tawadar ta ƙi fita.
Iya ta kama hannun, ta kai shi kusa da ido:
"Wane malami ya zana maka hatimi?"
Na ce, wata 'yar Maiurno.