Buhu Mai Faci

Ranar da rediyo ta faɗi farashin wake
ina bisa rumbu ina gyaran jinka.
Tsahara ce ta ji, tana tankaɗe,
ta ce, "Nomau, sauko ka ji da kunnenka,
gwamnati za ta sayi buhu jika talatin,
wai don kada gumin manomi ya zube a banza."
Na ce mata, miƙo mini igiya.

In sauko in ji me?
Wakena ya bar gidan nan da sati uku.
Buhu bakwai jigawar Cadakori ta ba ni,
bayan feshi biyu na bashi,
bayan tsutsa ta fidda zakkarta tun yana fure.
Alhaji Labo ya zo da kaka, da littafinsa.
Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne,
shafin da sunana yake kawai ya buɗe:
takin bazara,
tiya goma ta hatsi lokacin da rumbu ya nuna gindinsa,
kuɗin allurar Ɗan Jumma a likitar Maraɗi.
Buhu jika sha takwas, ya ce, haka kasuwa take.
Haka take kuwa. Ban ce ya yi ƙarya ba.

Duk da haka ran Laraba na tafi mangaza,
tunda kallo ba a biyansa.
Layi daga bakin sikeli har gindin bedi.
Amalanken shanu uku na ƙirga,
saura duk manyan motoci, shaƙe har wuya.
Sakataren ƙungiya, ɗan Hajo,
wanda na sha ɗorawa bisa jakina yana tsumma,
shi ke riƙe da biro, yana kira:
"Mai gona ya kawo kati."
Alhaji ya miƙa nasa.
Gona gare shi, gaskiya ne, can bayan tasha,
tun rasuwar tsohonsa ba ta ga hauya ba,
sabara da ƙarangiya ke mulki a ciki.
Bana ta haifi buhu ɗari huɗu.

Sai ga shi bisa kan ɗan dako.
Na gane shi yadda ake gane akuya cikin garke.
Bara ɓera ya huda shi ta kusurwa,
Tsahara ta yi masa faci da ƙyallen tsohon zanenta,
shuɗi, mai hoton kifi, rabin wutsiya ya fito.
Aka aza shi, allura ta yi rawa ta tsaya.
Ɗan Hajo ya rubuta talatin, bai ɗago kai ba.
Jika sha biyu ke nan
tsakanin ƙofar gidana da wannan ƙofa,
tafiyar da jaki ke yi bai nemi ruwa ba.

Alhaji ya hango ni, ya yafuto ni,
ya tambayi jikin yaro, ya ɓantaro mini goro.
Na karɓa. Baɗi ma akwai bazara,
kuma gwamnati ba ta ba da hatsi bashi da tsakar dare.

Da na dawo Tsahara ta ce, me ka gano?
Na ce, zanenki, ya shiga gwamnati,
ya ce in gaishe ki.
Ta yi dariya har ta aje muciya,
sannan ta shiga lanƙwasa yatsu.
Sha biyu sau bakwai.
Ta kai tamanin da huɗu, ta tsaya,
ta dubi wurin da turken ɗan maraƙi yake a da.

Akwai jarka guda a ƙarƙashin gadonta,
irin shuka ne, ta toshe bakin da leda da toka.
Wannan ba ya cikin littafin kowa.
Na koma bisa rumbu,
saura ɗauri biyu jinkan ya zauna.