Layin Ƙarshe a Littafin Kamasho

Ni ke rubuta sunaye a tashar Ƙofar Durɓi,
shekara goma sha tara biro na maƙale a kunnena.
Duk mai zuwa Daura sai ya bi ta hannuna:
suna, unguwa, da lambar wanda za a kira in ta ɓaci.
Layin nan na ƙarshe
ban taɓa jin nauyinsa ba.

Ran wata Laraba, la'asar sakaliya,
Sallau ya shigo lodi yana tauna kanumfari.
Na san kanumfarin nan. Duk tasha ta san shi.
Mayafi ne da ake rufa wa 'yar leda,
wadda ake saye a bayan rumfar faci,
a tsotse a tsaye, a take ledar da ƙafa.
Ido jajur kamar gauta, dariya ba dalili,
ya ce, "Kamasho, yau motar nan tashi sama za ta yi."

Na ji warin. Wallahi na ji.
Sai na tuna la'adata, ɗari biyar,
na tuna shi ya kai matata asibiti daren naƙuda,
na ce wa zuciyata: bari, hannunsa ya san hanya.

Mutum shida na rubuta.
Malam Ashiru da takardun fansho a hammata.
Barira da kwanon cincin, za ta sunan jikarta.
Ɗahara mai farin kaya, tana bitar jarrabawa a baki.
Wasu samari biyu, wa da ƙane, suna faɗa kan kujerar taga.
Da wani tsoho da ya ce ba shi da wanda za a kira,
na bar masa layin fari fat.

Ba su kai Mashi ba.
Itacen bedi yana inda yake tun zamanin kakanni,
bai matsa ba, ba shi da laifi.

Daren nan na san amfanin layin ƙarshe.
Sau biyar yatsana ya bi lamba,
sau huɗu na ji salati ya tsinke a waya,
uwar samarin kuwa shiru ta yi,
har yau ina jin shirun.

A zaman makoki kowa na cewa kwana ne ya ƙare.
Na yarda da ƙaddara, ban musa ba,
amma ƙaddara ba ta tauna kanumfari.

Bayan sadakar bakwai na samu Ciyaman Mudi,
na ce ko a gyara ko in ajiye biro.
Muka kafa ƙusa a jikin rumfa.
Yanzu makulli nan yake kwana, nan yake yini,
ba mai ɗauka sai ya huro min numfashi a fuska.
Na sha warin albasa, na sha na daddawa, ban damu ba.
Wanda ya sha, ga benci, ya kwanta,
na bayansa ya ja lodi,
shi kuma sati biyu ba layi.
Mai rumfar faci ya kwashe ledojinsa da dare.
Mun roƙi jami'an hanya su kawo na'urar busawa,
har yanzu muna jira, hanci ke aiki.

Fasinja kuma ina gaya masa tun kafin ya zauna:
in ka ga sitiyari na rawa, buɗe baki.
Kunya ba ta ɗinke ƙashi.
Sauka, zan mayar maka da kuɗinka.

Sallau bai mutu ba.
Yana nan gindin ƙusar, da sanda da ƙafa ɗaya,
ba ya yawan magana.
Jiya wani sabon yaro ya zo yana tauna cingam,
ni ban ji komai ba.
Sallau ya ɗaga kai, ya dube shi,
ya miƙa tafin hannu, ya ce,
"Kawo makullin."