Littafin Adashen Wuta

Ni ke riƙe da littafin.
Bangonsa ya sha man ƙuli, shafi na tara ya taɓa jiƙewa,
amma sunan kowa na nan, daga Ilu mai walda
har Ladidi mai ƙanƙara ta bakin Jakara.

Shekara uku ke nan da baƙon ya zo
da jaka, da takardu, da bakin mai tallan magani.
A ba shi rufin gidajenmu, in ji shi,
ya shimfiɗa faifan sola, mu riƙa sayen haske da awo.
Maza na ta gyaɗa kai.
Inna Tasalla ce ta furzar da goro:
"Yaro, ranar da ke gasa mu tun muna goye
za ka auna mana a mudu?
Zafinta namu, haskenta naka?"

Mai unguwa Barau bai ce uffan ba.
Washegari ya sayar da babur ɗinsa,
ya yi zubin farko.

Ɗari biyar-biyar duk Juma'a.
Wasu sun janye.
Gambo ya ce ruwa muke tarawa a kwando.
Faifai huɗu muka fara ɗorawa a kan soron makaranta,
ɗaya ma da tsaga.
Yaran Ilu suka koyi haɗa waya
da ƙuna a yatsu.

Sai daminar bara.
Kududdufin da aka cike aka yi shaguna
ya dawo neman gidansa da tsakar dare.
Ruwa har gwiwa, katangu na narkewa kamar gishiri,
duhu daga Gwammaja har gindin Dala,
janareto sun sha ruwa sun yi tsit.
Da Tasalla ta ce a gina wa batura dakali mai tsawo
dariya muka yi mata.
Daren nan ƙwai ɗaya ya ci a zaure,
injin ya yi ta zuƙe ruwa har kiran assalatu,
allurar mai ciwon sukari ta kwana da sanyinta,
ungozoma ta yanke cibi ba da tocila a baki ba.

Yanzu faifai sha ɗaya ne.
Ba su isa ba.
Kullum da hantsi sai an yi cacar baki
kan wa zai fara kunna injin markaɗe.
Amma rigimar tamu ce,
a tabarmar Barau take mutuwa.

Jiya Gambo ya zo yana sosa ƙeya,
ya miƙo ɗari biyar a naɗe.
Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi.
Ban tayar masa da zancen kwando ba.