Gatarin Aradu a Aljihun Birkila

Ni Mumuni, birkila, ɗan Aboabo,
shekara sha tara ina tsaga cikin ƙasa
don wasu su sami wurin kwana.
Ban taɓa tambayarta abin da ta haɗiye ba.

Ran wata Talata, can bayan Kenyasi,
a kan tudun da aka yanka fuloti arba'in
kamar tsire a faranti,
digata ta yi wani amo da ban saba ji ba.
Na durƙusa, na sa yatsu cikin jar laka.
Sai ga shi: baƙi, sumul, bai cika tafina ba,
bakinsa kamar jiya aka gama wasa shi.

Kwaku mai kwaɓa siminti ya ja da baya,
ya ce sama ce ta jefo shi.
Haka kakata ma take cewa: gatarin aradu.
Amma aradu ba ta dafa miya.
To wa ya bar tsingaron nan a gefensa,
da zane-zane a wuyan tukunya,
da gurbin babban yatsa inda maginiya ta danna?
Na ɗora nawa a kai.
Ya zauna daram.
Tsikar jikina ta tashi,
kamar na gaisa da wadda ta riga Kumasi zuwa Kumasi.

Washegari wata malamar jami'a ta zo,
Afrakoma, da ɗan buroshi da cokali da zare,
tana share ƙasa kamar mai goge idon jariri.
Ta nuna mana falalen dutse mai ramuka dogaye:
nan suke zama, in ji ta, suna wasa gatari,
ƙila suna hira, ƙila suna korar yara.
Ta roƙi sati uku.
Ɗan kwangila ya yi dariya har hularsa ta zame:
mai gidan yana Hambog, Disamba zai tare,
tayil ɗinsa ma suna kan teku.
Ya ba ta zuwa Juma'a.

Ba zan zagi gini ba.
Wanda ya kwana su bakwai a ɗaki ɗaya
ba ya zagin gini.
Adiza tana aikin makaranta kan kifaffen bokiti,
mai haya yana son kuɗin shekara biyu a dunƙule,
in ruwa ya sauko kwata ce ke fara yi mana sallama.
Mai rai ma bai sami inuwa ba,
wa zai yi wa tsingaro rumfa?
Haka na faɗa wa kaina. Sau uku na faɗa.

Asabar katafila ta hau tudu.
Ni na nuna wa direba inda igiya ta bi.
Ni.
Malama ta tafi da kwali biyu a bayan tasi,
sauran ya bi tifa zuwa cikon wani fadama.
Falalen nan an farfasa shi, ya zama tsakuwa,
yanzu yana cikin kankaren ɗakin ajiye mota.
Kafin la'asar tudun ya manta sunansa.

An sallame mu sidi-sidi.
A turoturo, wajen laluben kuɗin mota,
sai na ji sanyinsa a aljihu.
Ban san na ɗauko shi ba. Ko na sani.

Adiza ta juya shi a ƙarƙashin kwan lantarki,
ta ce, "Baba, na waye?"
Na ce na wani ma'aikaci ne.
"Ina gidansa?"
Sai na tashi na yi alwala.

Litinin na koma, muna daɓen bayan kicin.
Da Kwaku ya juya baya,
na danna babban yatsana cikin ɗanyen siminti,
can ƙurya, inda tayil ba zai kai ba.
Wata rana wani zai zo da nasa digar.
Allah ya sa ya durƙusa.