Ni Na Tura Su Duka Biyun

A Ƙofar Ƙaura, bayan masu faci,
inda baƙin mai ya cinye launin ƙasa,
rumfa biyu ke jingine da katanga ɗaya:
ta Rabe mai walda, da ta Sada bakanike.
Ni ne yaron aike a tsakaninsu,
in kai sufana, in dawo da baƙar magana.

Rabe ya ƙera mota don baje koli.
Da yumɓu ya fara, a kan tiren shayi,
sannan kwano, sannan fenti ruwan zuma,
wata bakwai yana shafa ta kamar mai lallashi.
Ƙofofinta sama suke buɗewa
kamar shirwa ta hango tsako.
Madubi babu.
Ya ce motar gobe ba ta waiwaye.
Amma leƙa gidan injin, in ka isa:
bulo biyu ne na siminti
don kada gabanta ya ɗaga.
Da tsakar dare muka tura ta filin,
mu shida, ba mai tari, kada a ji.

Gari na wayewa Katsina ta zo kallo.
Wata hajiya ta tambayi kuɗi.
Rabe ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce, tambaya ce.
Na ajiye ta ne in karanta idonku."
Yana gefe da ɗan littafi yana ƙirga
masu shafa fitila, da masu taɓe baki.

Ta Sada kuwa, sai dai Allah ya kyauta.
Ba fenti. Tabon walda jere kamar tsaga.
Kujera ɗaya, benci ne aka yanke.
Wayoyi a waje kamar kayan ciki a mahauta.
Ba wanda ya taɓa ɗaukar ta hoto.
Amma murɗa makulli: ta yi tari, ta amsa.
Kullum bayan asuba, hanyar Batagarawa,
buhu takwas na yashi a madadin fasinja.
Ran Talata lagireto ya tafasa.
Ran Alhamis birki ya ƙi a gangare,
muka faɗa gonar wake, muka biya mai ita.
Sada ba ya fushi.
Sai ya zaro biro daga bayan kunne:
"Madalla. Gara ta karye a hannuna
da ta karye da 'ya'yan mutane a ciki."
Sannan ya ce, "Iliya, sauka."
Na san sauran.

Da yamma, wurin mai shayi, a sake lale.
Rabe ya ce, "Taka kura ce da ta sha duka."
Sada ya hura kofi, ya kurɓa, ya ce,
"Taka alkawari ce. Kyansa cikawa."
"To wa zai cika abin da ba a ɗauka ba?"
Mai shayi ya ce su biya bashin jiya tukuna.

Bana damina uku ke nan.
Ta Rabe tana bayan rumfa, kaza na ƙwai a ciki,
yara na ɗaga fiffiken suna wasan jirgi.
Ta Sada an warware ta ƙusa-ƙusa,
an auna abin da ya lanƙwashe, an zubar da saura.
Akwai ta uku a ƙarƙashin tamfol:
fitilun Rabe, ƙafafun Sada.
Ƙofofin gefe suke buɗewa,
don fiffike ya sha ruwa ranar da aka gwada.
Rabe bai yafe ba har yau.

In ana gardamar bambancinsu, ni ba na sa baki.
Kafaɗata ce ta yi karatun.
Ta farko, ko Daura ka kai ta da turi,
shiru za ta yi, tana ƙyalli.
Ta biyun, ka tura, ka tura, gumi a ido,
sai ka ji ta fizga,
nauyin ya bar tafin hannunka,
ta bar ka tsaye cikin hayaƙi,
Sada na leƙowa ta inda ya kamata a sa taga:
"Iliya! Gudu! Ba na iya tsayawa!"